Hatsin da Gara Ba Ta Ci Ba

Daga Damagaram, unguwar Zango.

Zuwa ga ɗana Iliya, a gidan waya na Yamai.

Gaisuwa mai yawa cikin sunan Ubangijinmu Yesu Almasihu. Ina fata kamyo, babbar motar nan, ya sauke ka lafiya, hanya ba ta karya maka ƙugu ba. Allah ya tsare ka a garin da ba ka san kowa ba, ya haɗa ka da mutanen kirki, ya kiyaye ƙafarka da hannunka. Innarka tana gaishe ka, ta ce in tambaya ko yajin da ta ƙulla maka bai zube cikin tufafi ba. Mutanen gida kowa lafiya, ba zan cika ka da labari ba. Abin da ya zaunar da ni rubutu daban ne.

Ƙarshen watan nan za a kira sunanka a damƙa maka albashinka na fari. Ka kuma ce mini aikinka karɓar manda ne, wato kuɗin da mutane ke aika wa danginsu zai riƙa kwana a akwatin da mabuɗinsa ke aljihunka. Ana jibi za ka tafi ka yi dariya ka ce, "Baba, kada ka damu, ai ni ɗan Dauda mai rumbu ne, amana a gida na tarar da ita." Tun ranar maganar nan take cina. Akwai abin da na ɓoye maka, na ɓoye wa ikilisiya, shekara tara ke nan, kuma ina so ka ji shi daga wurina kafin kuɗin kowa ya shiga hannunka. Mai yiwuwa in ka gama karantawa ba za ka ƙara dubana da idon da ka saba ba. Ina tsoron haka ƙwarai. Amma ya fi mini sauƙi da in zuba ido ka taka inda na taka.

Bari in fara da kakanka, tunda ba ka riske shi ba. Musulmi ne, manomi a wani ƙauye kusa da Gaffati, bai san harafi ɗaya na boko ba. In an gama girbi an ɗaure gero, shi da kansa yake tsayawa a gona yana ƙirga dammuna. Tara a wannan gefe, na goma ya ja shi gindin gawo. Tara kuma, na goma gindin gawo. Ba ya duba wanda ya fi ƙanƙanta, wanda ƙirga ta faɗa a kansa shi ne. Dammunan gindin gawo kuwa ba sa bin jakuna zuwa gida, daga gona ake kai wa mabukata. Wata shekara yamma ta yi mana, na ce, "Baba, mu tafi da su gida mana, gobe sai a raba." Ya dube ni ya ce, "Dauda, in suka kwana a gidanmu, da safe za mu ga kamar namu ne. Bar su inda suke." Ina yaro, na ɗauka rigimar tsofaffi ce kawai.

Saboda haka da na karɓi bangaskiya, aka koya mana a majami'a cewa duk abin da ke hannunmu na Allah ne, mu masu riƙo ne, kuma a mayar masa da ɗaya cikin goma, ban ji baƙon abu ba. Sai dai a lokacin na shigo birni, na koyi ɗinki, na iya karatu, kaina ya ɗan kumbura. Kuɗin tela ba dami ba ne da za ka ja shi gefe, dala ɗaya ɗaya yake shigowa. Sai in zuba duka a aljihu guda, in ce ranar Lahadi na cire na Ubangiji. Kafin Asabar kuwa mai goro ya karɓi nasa, mai kananzir ya karɓa, mahauci ya yi mini kirari na sayi tsire. Ranar Lahadi abin da ya rage a ƙasan aljihu shi nake jefawa a ƙwaryar baiko, in dunƙule hannu sosai don kada na kusa da ni ya ga ƙanƙantarsa. Wannan ne kuskurena na fari, kuma daga shi sauran suka fito. Don haka ranar da aka biya ka, tun kana tsaye a wurin, ware na goma ka sa a wani aljihu. Kada ya shiga ɗakinka tare da sauran. Ka nemi dattijon ikilisiyar da kake zuwa ka miƙa a ranar, ko da za ka yi tafiyar ƙasa.

A shekarun nan keken ɗinkin da nake takawa ba nawa ba ne, na wani Alhaji ne a kasuwa. In na yi ɗinki a raba uku, biyu nasa. Sai wani komi, wato akawun gwamnati, mutumin Dahome, zai koma ƙasarsu, ya sa keken ɗinkin matarsa a kasuwa. Sau uku ina zuwa kallonsa. Na shafa shi, na juya hannunsa, na ji ƙararsa, na dawo gida abinci ya ƙi shiga. Son abu ba zunubi ba ne, Iliya. Amma in ya daɗe a zuciya yakan sake murya, ya fara yi maka magana kamar shawarar hankali. Kai ma za ka ji muryar nan. Yanzu da Nasara ke miƙa kujeru, ƴaƴanmu suna hawa, kowane komi yana so a gan shi da kwat da agogo da keken hawa mai ƙararrawa. Masu kanti sun san ranar albashinku fiye da ku, za su ce ɗauki, sa hannu kawai. Na san ka da son takalmi mai ƙyalli tun kana ƙarami, kada ka yi mini musu. Abin da ba ka da kuɗinsa yau, bar shi a kanti ya jira ka. In wata uku sun wuce kana sonsa har yanzu, kuma kuɗin ya taru, saya ka gode wa Allah.

Yanzu ga maganar. Ka san rumbun ikilisiya da ke bayan majami'a. Mu ƴan kaɗan ne a garin nan, ba mu da dangi masu yawa da za su tallafe mu, shi ya sa dattawa suka gina shi. Mai gona ya kawo daminsa na goma, mai albashi ya sayi hatsi ya zuba, a ajiye don gwauraye da marasa lafiya da baƙi, lokacin da damina ta faɗi rumbunan gida suka ƙare. Aka ba ni riƙonsa domin na iya karatu, ba na shan komai, ba a taɓa jin kaina da kowa ba. Shekarar da nake faɗa maka kana aji uku a lakwal, makarantar boko, kuma hatsin shekara biyu ne a ciki.

Daminar ba ta yi kyau ba, ruwa ya ɗauke gero yana cikin fitar da kai. Da kaka ayarin Buzaye ya sauko neman hatsi, suna biya da tsadar da ban taɓa ji ba. Mai hankali zai gane cewa tsadar nan gargaɗi ce, yunwa na tafe. Ni kuwa na ce Allah ne ya buɗe mini ƙofa. Na tsara abin tsaf a raina: in sayar da hatsin, in sayi keke, kakar gyaɗa ta buɗe manoma su samu kuɗi kowa ya ɗinka riga, kafin wata biyu in mayar da hatsi har da ƙari. Wa ya yi asara? Ran wata Alhamis da tsakar rana, duk gari yana kasuwa, na kawo raƙuma ta bayan katanga. Kafin in buɗe rumbu har addu'a na yi, na ce, "Ya Ubangiji, rance ne." Ka ji irin ƙarfin halin da mutum yake yi in ya riga ya yanke abin da yake so.

Gyaɗa ta zo ɓawo ya fi ƙwaya yawa. Ba wanda ya ɗinka riga, masu riguna ma sayar da su suke yi. Na zauna da sabon kekena a zaure ina kaɗa ƙuda. Kafin bazara kuɗin tiyar hatsi ya ninka har uku, abin da nake samu bai wuce tuwonmu na dare ba.

Ko ka tuna Saratu, matar marigayi Markus magini? Ɗanta Ayuba benci ɗaya kuke zama a lakwal, kullum yana gabanka, har kana dawowa gida kana kumbura baki. Mushenku, malamin ajin, ya taɓa ce mini yaron nan zai ci jarrabawar satifika ba tare da gumi ba. Washegarin ruwan fari, da hantsi, ta yi sallama a zaurena da masaki a ka. Ta durƙusa muka gaisa, ta ce, "Malam Dauda, da kunya na zo. Kwana biyu ke nan tafasa muke dafawa da gishiri. A ɗan taimaka mini daga rumbu, ko tiya biyar ce, yaron nan ba ya iya tafiya lakwal da yunwa."

Ƙafata tana kan keken a lokacin. Ban shirya ƙarya ba, amma na same ta a bakina kamar an ajiye mini. Na ce, "Uwar Ayuba, sai haƙuri. Jiya na leƙa rumbu, na tarar gara ta shiga ta ƙasa ta cinye shi tas." Ta ɗago ta dube ni, ta dubi keken, ta ce, "Gara?" Na ce gara. Ta ce, "To, Allah ya rufa asiri." Ta ɗauki masakinta wayam ta fita.

Ƙarya kuwa sai an yi mata hidima. Da azahar na ɗauki buhu na fita bayan gari, na fasa suri na ɗebo ƙasarsa, na zo na watsa a rumbun tare da ragowar ƙaiƙayi. Hannun nan da nake rubuta maka da shi, shi ya yi wannan aiki. Baba Ishaya, babban dattijonmu, ya zo ya hau tsani ya leƙa, ya daɗe bai sauko ba. Da ya sauko ya ce, "Kada ka sa a ranka, Dauda." Ranar Lahadi ya sa ikilisiya ta yi mini addu'a, wai Allah ya sanyaya zuciyata a kan wannan asara. Na sunkuyar da kai ana cewa amin. Ban taɓa jin kunya irin ta ranar ba, amma duk da haka ban buɗe baki ba.

Wata maƙwabciyarta Musulma mai sayar da fura ita ta riƙe su mako guda, mu masu waƙar ƙauna kowace Lahadi ba mu da ko tiya. Daga nan Saratu ta cire Ayuba daga lakwal, suka koma wurin danginta a Gidimuni, bakin tafki, inda aƙalla yaro zai yi ban ruwa a lambu a ba shi rogo. Ka yi kwana biyu kana tambayar inda ya tafi, daga baya ka zama na ɗaya a aji, na saya maka alewa.

Ka ji ni da kyau a nan, ɗana. Kuɗin amana ba a rance a cikinsa, ko na kwana ɗaya, ko na dala ɗaya. Ranar da ka ji zuciyarka ta ce "zan mayar kafin a sani", tashi a kujerar ka je ka faɗa wa wani abin da ka ji. Ɓarawon da ya san shi ɓarawo ne ya fi ni dama a ranar, don ni mutumin kirki nake ganin kaina har raƙuma suka tashi. Kowace manda da ta zo gabanka, ka tuna akwai mai jiranta da masaki a ka: uwar soja, ko matar lebura, ko tsoho mai ciwon ido. Kada ka yarda ka riƙe mabuɗi kai kaɗai in akwai halin a zama biyu, kuma kada ka ji haushi in an zo a duba akwatinka. Mai dubawa gata yake yi maka. Da akwai wanda ke leƙa rumbun nan tare da ni, da ban rubuta wannan takarda ba.

In Allah ya ba ka mata, kada ka ɓoye mata inda kuɗi ya fito da inda ya tafi. Innarka ta tambaye ni kuɗin keken, na ce Alhaji ne ya ranta mini. Makon jiya da na gaya mata gaskiya ta yi kuka, ta ce, "Malam, da ka faɗa mini, ai da na sayar da tasoshin jerena an ba Saratu." Abin da ya fi ƙarfina ni kaɗai, ashe maganinsa yana jere a ɗakin matata.

Na mayar da hatsin, kada ka ce ban mayar ba. Shekara huɗu ina sayen tiya ɗaya, tiya biyu, ina zubawa ba wanda ya sani, har rumbu ya cika. Mutane suka ga rumbu yana albarka a hannuna, suka sa mini Dauda mai rumbu, na karɓi sunan ina murmushi. A nan na sake yin wani kuskuren. Na zama mai tsanani a kan na goma, ko tamma ba ta kuɓuce mini, amma sauran taran na damƙe su kamar na saye su daga wurin Allah. Baffanka ya zo daga Gaffati neman iri, na ce masa ni na riga na fitar da haƙƙin Allah, ya koma da jakinsa ba kaya. Har yau in mun gaisa ba ya daɗewa. Taran ma ba naka ba ne, Iliya. A cikinsu za ka ci, ka biya haya, ka ajiye wani abu saboda ciwo, ka tuna da innarka, ka buɗe hannu ga ɗan'uwa, ko masallaci yake zuwa ko majami'a. Ka bayar daidai ƙarfinka, kada ka ci bashi don a ce da kai mai kyauta.

Na ɗauka magana ta mutu tunda rumbu ya cika. Sai safiyar da muka raka ka tasha. Ka tuna ɗan dakon da ya ɗora akwatinka a kan kamyo, dogo, mai tsumma a kafaɗa? Kana can sama kana neman wurin zama, ka jefo masa dala biyu, ya cafe ya yi godiya. Ina tsaye kusa da shi sa'ad da ya sunkuya zai ɗauki akwatin. Ya tsaya ya karanta abin da ka rubuta a jikinsa da Faransanci, sunanka da aikinka da sunan gari, bai yi tuntuɓe ko ɗaya ba. Da kamyo ya tashi ya juyo ya ce, "Baba Dauda, ba ka gane ni ba? Ayuba ne, na Saratu. Ashe Iliya ya zama komi, Allah ya sa albarka." Ya yi dariya ya ce, "Ka ga ban manta karatun ba. Duk kayan da na ɗauka in da rubutu a jiki sai na karanta, don kada ya gudu."

Ban san yadda na iso gida ba. Hatsi na mayar, amma shekara tara na yaron nan ba a sayar da su a kasuwa balle in sayo.

Ranar Talata muka tafi Gidimuni da innarka. Saratu ta tsufa, ido ya yi rauni, muka same ta tana ɓarar gyaɗa a inuwa. Na durƙusa a gabanta na faɗi kome, har da ƙasar suri. Ba ta daina ɓara ba sai da na gama. Sannan ta ce, "Na sani, Malam Dauda. Mijina ne ya gina rumbun nan. Bisa duwatsu ya ɗora shi, ni na ɗauko masa tokar da ya zuba a gindi. Gara ba ta hawansa." Na ce, "Me ya hana ki faɗa?" Ta ce, "Mu nawa ne a garin? Da na faɗa, da an ce ga masu bin Almasihu can suna cin hatsin marayu. Na bar ka da Mai hatsin." Ta ƙara da cewa, "Nawa na yafe tuntuni, don in iya yin addu'a. Amma na Ayuba ba a hannuna yake ba. Je ka same shi."

Lahadin da ta wuce na tashi a gaban ikilisiya na faɗa da bakina, na sauka daga riƙon rumbu. Baba Ishaya, da yanzu sai an riƙe shi yake tashi, ya ce shi ma laifinsa ne, ya ga abin da ya gani a kan tsani ya yi shiru don gudun tonon asiri. Daga yanzu mutum biyu za su riƙa buɗewa tare. Wasu sun rungume ni, wasu sun fita ba su dube ni ba, kuma ban ga laifinsu ba.

Ayuba na same shi a tasha na ja shi gefe. Ya saurara har ƙarshe yana kallon ƙasa. Sannan ya ce, "To, yanzu me za a yi, Baba?" Bai ce ya yafe ba, har yau bai ce ba, ni kuma ba ni da bakin roƙo. Na ce masa keken nan da hatsin uwarsa aka saye shi, nasa ne. Yana zuwa zaure kowace safiya ina koya masa, hannunsa da sauri kamar yadda kansa yake. Ranar da ya iya yanka riga shi kaɗai zai ɗauki kekensa, ni in koma haya a kasuwa kamar dā.

Kwanon rufi da ka ce za ka saya mana da albashin fari, bar shi, ɗakin bai faɗi ba tukuna. Kada kuma ka ce za ka saya mini wani keken, wannan nauyi nawa ne. Duk rigar lakwal da ka sa tun daga aji uku a kan keken nan aka ɗinka ta. Ba laifinka ba ne ko kaɗan, amma ya kamata ka sani, don kada ka zauna a kujerar nan kana ganin ƙoƙarinka ne kaɗai ya kai ka. Abu biyu nake roƙonka. Ka ware na goma kafin ya kwana. Kuma in zuciyarka ta yarda, ka rubuto wa Ayuba takarda, ba kamar mai ba da sadaka ba, kamar wanda kuka zauna benci ɗaya. Ni kuwa, in ka ga ba za ka iya rubuto mini yanzu ba, zan jira.

Ubangiji ya tsare fitarka da shigarka. Ya ba ka lafiya, ya ba ka wadar zuci, ya sa hannunka ya fi na ubanka tsabta. Ya raba ka da sharrin hanya da sharrin abokai da sharrin zuciyarka, ya dawo mana da kai muna da rai. Innarka ta ce ka riƙa cin abinci a kan lokaci.

Ni ne mahaifinka,
Dauda tela.

Ka san ban iya Faransanci ba, kuma an ce takarda ba ta isa Yamai sai an rubuta bayan ambulan da shi. Kafin ka yar da ambulan ɗin, juya shi ka duba rubutun. Hannun Ayuba ne.